Tukunyar Gaffaru Yunani

A shekarun da jaki ne yake kawo wa mutanen kudancin Jidda ruwa a ganga, an yi wani mutum a unguwar Madain Fahd mai suna Abdulgaffar. Haifaffen Jidda ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa don aikin hajji, bai koma ba. Cikakken sunan nan nasa kuwa ba mai amfani da shi. Gaffaru Yunani kowa yake ce masa, shi kuma in ya ji har gyara zaman hula yake yi, don bai taɓa gane tsokana ce ba.

A wurin aiki ya samo sunan. Yana hidima a garejin wani tsoho mutumin Yunan, Khawaja Manoli, mai gyaran injin kwale-kwale kusa da tashar jiragen ruwa. Aikin Gaffaru dafa shayi, shara, da miƙo sifana. Shi Manoli mutum ne mai son labari. In ya zauna shan shayi sai ya shiga ba da labarin kakanninsa na dā da gurgun Larabcinsa: yadda wani ya auna tsayin gini da inuwarsa, yadda suka yi ta gardama a kan girman rana, yadda wani ya zauna zai lissafa yashin da zai cika duniya. Gaffaru rabin labari yake ji. Da zarar ya samu abin da zai burge mutane da shi a shagon gahawar bakin titi, sai ya miƙe ya ce ruwa ya tafasa.

"Kun san rana ta fi Jidda girma?" in ji shi wata rana, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Har da unguwar Khumra?" wani ya tambaya.

Gaffaru ya yi lissafi a sama. "Har da Khumra, in an ɗan matsa."

Abin da yake riƙe da gidansa dai ba ilimin Yunan ba ne, tukunyar matarsa ce. Mastura, wadda ake kira Ummu Bashira da sunan 'yarsu ta fari, ta gaji wata babbar tukunyar ƙarfe daga mahaifiyarta, ta kuma gaji aikin da ake yi da ita. Duk shekara in alhazan ƙasar Hausa suka sauka Jidda, kafin su wuce Makka, ita take yi musu abincin rana: shinkafa da nama irin wadda za su ci su tuna gida. Ganga guda ta ruwa tukunyar take sha, buhu guda na shinkafa take ci, ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Bana sai ga Shehu Hamad, wakilin da yake kula da alhazan, ya yi sallama a ƙofar gida.

"Ya Ummu Bashira, bana baƙina sun ninka. Abin da kika saba dafawa, biyunsa nake so. In ba za ki iya ba ki gaya mini tun yanzu, akwai wata a Khumra da take ta aiko mini."

"Zan iya," in ji Mastura.

Da ya tafi sai ta ɗauki mayafi. Gaffaru ya tambaye ta ina za ta, ta ce gidan Inna Dela, maƙwabciyarsu, za ta ji ko za a samu aron tukunya ta biyu. Inna Dela tsohuwa ce, Bahaushiyar Sudan, bakinta ya fi barkono.

"Aro?" Gaffaru ya tare ƙofa. "A gidan da nake? Ummu Bashira, zauna. Wannan matsalar an gama da ita tun kafin a haifi kakan kakanki. Wani tsibiri ne a ƙasar Yunan aka yi annoba. Aka ce da mutanen, dutsen nan mai kama da akwati da ke wurin bautarku, ku ninka shi biyu, annoba za ta tafi. Ka ga masu hankali, ba su je aron dutse maƙwabta ba. Suka ninka tsawonsa, suka ninka faɗinsa, suka ninka tsayinsa. Halas, shi ke nan."

"Sai me ya faru?"

"Sai ruwan shayi ya ta... ina nufin, sai aka ninka. Me kike so ya faru kuma?"

"Abu Bashira, ni tukunya biyu na sani."

"Tukunya biyu, wuta biyu, muciya biyu, wahala biyu. Ni zan kawo miki guda ɗaya mai cin biyu. Shehu Hamad zai gan ta ya manta da wata mata a Khumra."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama Mastura. Ta ajiye mayafin.

Washegari Gaffaru ya ɗora tukunyar da murhunta na ƙarfe mai ƙafa uku a mota, sai Khumra, wajen Usuman mai walda. Ya zaro igiya ya auna bakin tukunyar, ya ninka. Ya auna zurfinta, ya ninka. Ya auna kaurin ƙafafun murhun, ya ninka. Har murfinta bai bari ba. Usuman ya dubi igiyar, ya dubi Gaffaru.

"Ya shaikh, mutum za a dafa?"

"Kai dai buga. Ka taɓa zama da Bayunane?"

"A'a."

"To ka gani."

Usuman ya ɗaga kafaɗa. Shi abin da aka auna masa yake bugawa.

Ana gobe alhazai za su zo, da hantsi, wata babbar mota ta shigo lungun da baya, tana gogar katanga hagu da dama. Gaffaru yana tsaye a bayanta, hannu ɗaya a kan kayan, ɗaya yana ɗaga wa mutane. Masu shago suka fito. Mata suka leƙo ta taga. Sai da ƙarti shida suka sa hannu kafin abin ya sauka, da ya taɓa ƙasa kuwa har kofunan gahawa sai da suka yi ƙara.

Inna Dela ta fito tana dogara sanda, ta zagaye tukunyar sau ɗaya.

"Gaffaru, tankin ruwan hukuma, na baladiyya, ka sato?"

"Tukunya ce, Inna."

"Ta wa? Ta aljanu?"

"Ninki biyu ce ta tukunyar Ummu Bashira. Ba ƙari, ba ragi."

Mastura ta fito ta tsaya. Bakin tukunyar ya kai mata ƙirji. Ta leƙa ciki, ta ɗago.

"Wannan ce ninki biyu?"

"Auna da kanki."

Ta auna da kamunta. Baki, biyun na waccan. Zurfi, biyun na waccan. Ta sake aunawa.

"Hannuna yana cewa gaskiya ne, idona yana cewa ƙarya ne," in ji ta. "Ina tawa?"

"Tana wajen Usuman, yana goge ta. Gobe za ta zo. Yalla, ya shabab, a shiga da ita!"

Aka kwantar da ita, aka mirgina har bakin ƙofa. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Gaffaru ya sa aka cire ƙyaure. Ba ta shiga ba. Ya karɓi guduma ya fasa gefen dama, ya ce saura kaɗan. Ya fasa gefen hagu. Mastura tana daga ciki tana cewa a bari, shi yana daga waje yana ba da umarni, ƙarti suka haɗa ƙarfi suka tura. Tukunyar ta shiga rabi, ta yi wani gurnani, ta tsaya cak. Aka tura, ko motsi. Aka ja, ko motsi.

"Abu Bashira!" muryar Mastura ta fito ta saman katanga. "Ta ina zan fita?"

"Ina za ki?"

"Ko ina! Gidana ne ko kurkuku?"

"Ki yi haƙuri, ƙarfe ne ya ji zafin rana ya kumbura. Yunanawa sun san da haka."

"Sun san yadda mace take fita daga gidanta?"

Ta kan soro Mastura ta haura ta dira gidan Inna Dela, ita da shekarunta. Sai bayan la'asar, da mai ruwa ya zo da jakinsa, aka ɗaura igiya a hannun tukunyar, jaki ya ja, mutane suka ja, tukunyar ta fito da ɓaraguzan bulo a jikinta. Gaffaru ya kakkaɓe tafi ya yi sanarwa cewa dama can a lungu ya yi niyyar a yi girkin, don jama'a su ƙaru.

Da safe Mastura ta shirya za ta kasuwa sayen nama. Kafin ta tafi ta tsaya gabansa.

"Ganga biyu na ruwa. Buhu biyu na shinkafa, ga su nan. Kar ka zuba komai sai na dawo. Ruwan kawai, ka hura wuta."

"Ɗayyib, na ji. Je ki."

An riga an ɗora tukunyar a kan sabon murhunta a tsakiyar lungu. Mai ruwa ya juye ganga ta farko. Ya je ya dawo ya juye ta biyu. Gaffaru ya hau tsanin da ya aro, ya leƙa. Ruwan yana can ƙasa, ko gwiwa bai kai ba.

"Gangarka tana yoyo," in ji shi.

"Gangata lafiyarta ƙalau."

"To jakinka ne yake sha a hanya. Tukunya ninki biyu, ganga biyu, dole ta cika. Ƙaro."

Mutane sun fara taruwa. Gaffaru ba zai yarda a ga tukunyarsa da ruwa a gindi kamar rijiyar rani ba. Aka ƙaro ta uku, aka ƙaro ta huɗu, sai ga ruwa a rabi. Jaki ya fara tsayawa a bakin lungu yana tunani. A ta shida Inna Dela ta sa aka fito mata da kujera. A ta takwas ruwa ya kawo baki, jaki kuwa ya kwanta a inuwa ya ƙi kallon kowa.

"Kun gani?" in ji Gaffaru. "Ta cika."

"Biyu ka ce," in ji Inna Dela.

"Gangunan zamani ne, Inna, ƙanana ake yin su."

Da ya ga ruwa ya cika sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Me zai jira? Ya farke buhun farko ya juye, ya farke na biyu ya juye, ya bi su da albasa da gishiri da mai. Ya leƙa. Shinkafar ta nutse ta ɓace, sai albasa tana yawo a sama. Ya ɗauko filafilin kwale-kwale da ya kawo daga gareji don ya zama muciya, ya zura, ya laluba. Can ƙasa ya ji ta, shimfiɗe kamar yashi.

Ko a jikinsa. Ya sauko ya bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya yana sallama. Ya ce yau ba wanda zai ɗora tukunya a unguwar nan, kowa daga tasa zai ci, a kawo shinkafar da ke gida a haɗa. Wasu suka bayar don kunya, wasu don su ga ƙarshen abin. Duk ya juye. Sannan ya hura wuta da akwatunan katako. Wuta ta cinye su ruwa bai san an yi ba. Ya ƙara da ƙyauren gidansa. Ya ƙara da wani tsohon benci da mai gahawa bai lura an ɗauka ba.

Mastura ta dawo da nama a kai, ta hango hayaƙi tun daga bakin titi. Ta ajiye kayan, ta ga buhunan nan biyu a yashe, ta hau tsani ta leƙa, ta tsoma yatsa. Ta daɗe a sama kafin ta sauko.

"Abu Bashira. Aika Khumra a kawo mini tukunyata yanzu. In na sayo wani buhun, ko rabin mutanen na ciyar."

Gaffaru ya shiga gyara itace.

"Da kai nake."

"Ai tana nan."

"Ina?"

"Ƙarfe ne ya gaza wa Usuman. Na ce tun da dai ga babbar yayarta ta zo, ya haɗa da ita... Duba nan gefen hagu, inda ya fi baƙi. Kin gan ta? Har da ɗan lanƙwasar nan da mahaifiyarki ta yi mata."

Mastura ta dubi wurin. Ta gane shi. Ba ta ce komai ba, ta je ta zauna a dakalin gidan Inna Dela ta ɗora hannuwa a cinya. Duk lungun aka yi tsit, don an san Mastura da faɗa, ba a san ta da shiru ba.

Ana cikin haka motocin alhazai suka tsaya a bakin titi. Shehu Hamad a gaba, jama'a a bayansa, maza da mata, tsofaffi da masu ƙarfi, kowa da yunwar tafiya a fuska. Aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwar katanga, suka tuɓe silifa suka jera. Suna zama idonsu ya faɗa kan tukunyar.

"Ikon Allah," in ji wani tsohon alhaji mai farin gemu. "Komai na ƙasar nan babba ne."

Shehu Hamad ya shaƙi iska. "Ya Abu Bashira, ƙauri nake ji."

"Ƙamshi ne, ya Shehu. Babbar tukunya ƙamshinta daban."

"Ya nuna?"

"Tafasa ɗaya ta rage."

A daidai nan wata tsohuwar mota ta tsaya, Khawaja Manoli ya fito da hular rana a kansa. Gaffaru ne ya gayyato shi, ya ce ya zo ya ga hikimar kakanninsa ta farfaɗo a Madain Fahd. Tsohon ya ratsa jama'a yana murmushi, har ya iso gaban tukunyar. Murmushin ya tafi. Ya dubi bakinta, ya dubi gindinta, ya sunkuya ya dubi ƙafafun murhun da suka fara ja a wuta. Gaffaru ya yi masa bayani da Larabci, da alfahari, tun daga tsibirin har zuwa igiyar awo.

Manoli ya cire hula ya riƙe kai. "Inta majnun!"

"Me Baturen ya ce?" tsohon alhajin ya tambaya.

"Cewa ya yi ni gwani ne," in ji Gaffaru.

"Cewa ya yi mahaukaci ne," in ji Inna Dela daga kujerarta. "Alhaji, matso nan, ni zan fassara maka. Shekarata arba'in ina zagin masu kifi da Larabci."

Manoli ya laluba aljihu ya fito da ƙwayoyin sukari, irin waɗanda yake yawo da su don shayinsa. Ya karɓi faranti ya ajiye ƙwaya ɗaya. A gefenta ya jera biyu a tsawo, biyu a faɗi, ya ɗora wani hawa a sama. Ya nuna wa Gaffaru ya ce ƙirga.

"Biyu," in ji Gaffaru.

"Takwas!" alhazai suka amsa baki ɗaya, don wannan ba ya bukatar tafinta.

Tsohon ya ci gaba da magana yana yarfa hannu, Inna Dela tana bin sa da Hausa.

"Ya ce mutanen tsibirin nan kuskure suka tafka. Dutse ya zama takwas, annoba ba ta tafi ba. Ya ce sai da masanansu suka yi shekaru suna fama da lissafin. Ya ce labarin wauta ne, shi ya sa ake ba da shi, kai kuma ka tashi dafa shayi kafin ya kai nan."

"Ba haka ya ce ba!"

"Yi mini shiru, yana magana. Ya ce kakanninsa sun ce kowane abu yana da iyakar girmansa, dabba ne, jirgi ne, ko gari. In ya wuce iyakar nan ya daina zama abin da yake. Ya ce ka dubi ƙafar tururuwa ka dubi ta giwa, giwa ba tururuwa ce da aka hura ba. Ya ce nauyi ya ninka takwas, ƙarfin ƙafafun nan huɗu kawai ya ninka. Ya ce wannan ba tukunya ba ce, rijiya ce."

"Rijiyar ke kika ƙara!"

"Ni na ƙara. Amma da ya san Hausa da ya faɗa."

Manoli yana ta nuna wa mutane su ja baya. Gaffaru ya ga idon jama'a duk a kansa, ya ga Shehu Hamad ya haɗe rai, sai ya yi dariya mai ƙarfi.

"Jama'a, Khawaja ya tsufa. Labarin ya ruɗe masa, ni da na ji shi da ƙuruciyata na fi shi riƙewa. Sukari daban, tukunya daban. Ba ku ga tururi ba?"

"Hayaƙin bencina ne," in ji mai gahawa, wanda sai yanzu ya gane.

"Yanzu zan ɗebo muku ku ɗanɗana. Kowa ya matsa, ruwan nan in ya fallatsa wa mutum sai fata ta tashi."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki filafili, ya hau tsani har matakin ƙarshe. Ya zura filafilin ya danna. Shinkafar ƙasa ta riga ta kama gindin tukunya ta daskare, ta riƙe filafilin gam. Ya ja, ya ƙi. Ya murɗa, ya ƙi. Ya juyo ya yi wa jama'a murmushi, ya tattara ƙarfinsa ya rungumi filafilin ya tura gaba. Filafili ya tafi. Tsani ya tafi baya. Gaffaru ya bi filafili.

Tsulum!

Mata suka kwarma salati. Mastura ta zabura daga dakali, mayafi ya faɗi ba ta sani ba.

"Abu Bashira! Wayyo Allah, ya dafu! Ku cece shi!"

Maza suka yo kan tukunyar, zafin wuta ya kore su. Na ɗan lokaci ba abin da ake gani sai hularsa tana juyi a bakin ruwa. Can sai ga kai ya ɓullo, da yankan albasa a kunne. Gaffaru ya tsaya, ruwa iya ƙirji, ya share fuska, ya dudduba hannuwansa. Lafiya lau.

"Da ɗan sanyi-sanyi," in ji shi a hankali.

"Tafasa ɗaya ta rage," in ji Shehu Hamad.

Dariyar ba ta gama tashi ba fuskar Gaffaru ta canza. Saman ruwa sanyi ne, amma ƙafafunsa sun nutse cikin shinkafar da take ƙonewa a gindi.

"Ƙafata! Ƙafata! Wuta!"

Ya ɗaga dama, hagu ta ƙone. Ya ɗaga hagu, dama ta ƙone. Ya shiga tsalle yana zagaye tukunyar, ruwa yana tambal-tambal, yana bugun wannan gefe yana komawa wancan. Manoli ya yi ihu da yarensu. Ƙafar murhu ɗaya, wadda ta fi shan wuta, ta fara lanƙwashewa sannu a hankali kamar raƙumi zai durƙusa.

"Ku gudu!" in ji Inna Dela, ita ce kuma ta fara, ba sanda.

Tukunya ta sunkuya, ta yi jim, ta kwanta. Ganga takwas na ruwa da shinkafar unguwa guda suka fito lokaci ɗaya. Wuta ta mutu da wani huci, hayaƙi ya turnuƙe lungun. Ruwa ya bi gangara ya share tabarmi, ya kwashi silifan alhazai ya yi bakin titi da su, jaki ya miƙe ya bi su a guje da amalankensa. A tsakiyar ambaliyar ga Gaffaru a rigingine, rungume da filafili, yana sulalowa, har ya zo ya tsaya daidai ƙafafun Shehu Hamad.

Ya buɗe ido ya dube shi daga ƙasa.

"Ya Shehu, a ƙa'ida..."

"Uskut, rufe bakinka," in ji Shehu Hamad.

Shehun ya juya wajen Mastura zai yi magana. Tana tsaye cikin ruwa iya idon sawu, tana kallon shinkafarta a cikin taɓo. Kafin ya buɗe baki Inna Dela ta dawo ta shiga tsakaninsu.

"Hamad, na san ka tun kana yawo ba wando. Kai baƙinka masallaci su yi azahar su huta. In kun dawo ba ku tarar da abinci ba, ka tafi Khumra ɗin."

Sannan ta juya ta ɗaga murya, tana kiran matan lungun da sunayensu. Shinkafa dai babu, Gaffaru ya gama da ita. Amma naman Mastura yana nan a inda ta ajiye shi. Wata ta fito da taliya, wata da wake, wata da garin tuwo, aka aika gidan burodi aka kwaso abin da ya rage. Kowace ta fito da 'yar tukunyarta da risho ko murhun gawayi, aka jera su a gindin katanga tun daga ƙofar Inna Dela har bakin titi. Mastura ta ɗaure zane ta shiga tsakani, tana ɗanɗana wannan, tana ƙara wa waccan gishiri, muryarta ta dawo. Manoli ma aka ba shi wuƙa ya zauna yankan albasa yana hawaye.

Alhazai suka dawo, wasu da silifa ɗaya, wasu da na wani. Suka ci, suka ƙara, suka sa albarka. Shehu Hamad ya suɗe yatsa ya kira Mastura gefe.

"Baɗi ma ke ce, ya Ummu Bashira. Amma ranar, ki aike shi can garin Ɗa'if."

Gaffaru kuwa yana zaune a bakin abin da dā ƙofar gidansa ce, ɗaure da zanen matarsa don kayansa suna kan igiya, ƙafafunsa a cikin daron ruwa. Tun da Shehu Hamad ya katse shi bai sake cewa uffan ba. Mutanen lungun har sun fara tausaya masa. Sai ga tsohon alhajin nan mai farin gemu ya zo ya tsuguna gabansa da ladabi.

"Malam, tambaya gare ni. In mun koma gida za a tambaye mu abin da muka gani. Shiga tukunyar nan da ka yi, al'adar mutanen Jidda ce, ko kuwa sai masu ilimi?"

Gaffaru ya ɗago. Ya gyara zama. Ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ka yi tambaya. Wannan sai wanda ya yi karatu mai zurfi..."

Wani ƙaton ludayin ƙarfe ya sauka a cinyarsa. Mastura ce a tsaye a kansa.

"Ga zurfin can yana jiranka. Ƙanzo ya kai taƙi guda a gindinta. Ba ka fitowa sai na ga fuskata a ciki. Yalla."

Ya dube ta, ya ga ba wasa. Ya ɗauki ludayin, ya ɗingisa zuwa inda tukunyar take kwance, ya tattare zane, ya rarrafa ya shige. Aka fara jin ƙarar kankara, ƙurus, ƙurus. Mata suka koma wanke-wanke, alhazai suka fara haramar tafiya. Sai kankarar ta tsaya. Aka ji ya yi tari a ciki, tarin ya fito kamar aradu. Ya sake yi, da gangan wannan karon.

"Ummu Bashira!" Muryar ta cika lungun har bakin titi, tantabaru suka tashi daga kan soro. "Kin ji muryata? Wallahi ta ninka! Ki kira Khawaja, na gano wani abu!"

Mastura ta ɗauraye hannu, ta goge a zane, ta juya.

"Inna Dela," in ji ta, "ina aka ajiye murfin tukunyar nan?"